Ina aiki wuri biyu, yaya zan yi da fansho da haraji?

Tambaya

Assalamu alaikum. Shekarata 38, ina zaune a Kano da iyalina. Da rana ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa, albashina naira 300,000 a wata, ana cire mini naira 20,000 na fansho. Da yamma da ranar Asabar kuma ina koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta, suna biyana naira 150,000 a wata. Suna cire haraji amma ba sa cire fansho. Hayar gidana naira 600,000 ce a shekara, na kuma kai wa kamfanin rasit. Wani wakilin kamfanin fansho ya ce in buɗe sabon asusu saboda aikin kwalejin. Abokina kuma ya ce in riƙa zuba kuɗi masu yawa a fansho na ganin dama, wai haraji ba zai taɓa ni ba, in an kwana biyu in kwashe abuna. Wanne zan bi, kuma nawa ya kamata in ƙara?

Wani ma'aikaci daga Kano

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Daga wakilin har abokin naka babu wanda za ka bi yadda ya faɗa. Maganar wakilin kuskure ce daga tushe. Ta abokinka akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ya tsallake abubuwa biyu da suka fi zubin ganin dama tsoka: kuɗin da kwalejin ya kamata ta riƙa zuba maka ba ta zubawa, da harajin da ake binka ba ka sani ba.

Batun asusu gajere ne. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi asusun ajiyar fansho (RSA) ɗaya da lambar asusu (PIN) ɗaya ga kowane ma'aikaci, ko wurin aiki nawa yake da su, ko sau nawa ya sauya aiki. Abin da za ka kai wa kwalejin shi ne sunan kamfanin fanshonka da lambar PIN ɗin da kake da ita yanzu, shi ke nan. Tun 2019 aka ɗaura rajistar fansho a kan lambar NIN, don haka da wuya ma na'ura ta karɓi rajista ta biyu. Idan kuwa ta wuce saboda bambancin suna ko ranar haihuwa, ka jawo wa kanka aiki, domin ba za a biya ka komai ba sai an haɗe asusun biyu, kuma haɗewar ba ta kwana ɗaya ba ce. In dai kamfanin wakilin ne ya burge ka, tun Nuwamban 2020 PenCom, hukumar da ke kula da harkar fansho ta ƙasa, ta buɗe ƙofar sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara, kuɗinka da lambarka su bi ka. Wannan sauyi ne, ba sabon asusu ba.

Yanzu harajin, wanda shi ne ba ka tambaya ba amma ya fi komai gaggawa. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta jera kuɗin shiga na shekara mataki-mataki. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100. Naira miliyan 9 da ke biye kashi 18, daga nan 21, 23, har 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Tsohon rangwamen nan na bai-ɗaya an soke shi. A madadinsa akwai rangwamen haya, kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, amma ba ya wuce naira 500,000. Waɗannan matakan na mutum ne, ba na wurin aiki ba. Sau ɗaya ake ba ka naira 800,000 ɗin nan a shekara, ko albashi biyar kake ɗauka.

Akawun kamfaninku bai san da kwalejin ba, na kwalejin ma bai san da kamfanin ba, kowa yana lissafi kamar shi kaɗai ke biyanka. A kamfani albashinka na shekara naira 3,600,000 ne. A cire fansho 240,000 da rangwamen haya 120,000, saura 3,240,000. Harajin wannan ya kama naira 373,200, wato 31,100 a wata. A kwaleji naira 1,800,000 ne a shekara. Sun sake ba ka 800,000 kyauta, suka ɗora kashi 15 a kan miliyan ɗaya da ta rage, ya kama 150,000, wato 12,500 a wata. Duba takardar albashinka ta kwalejin. In ka ga abin da suke cirewa ya yi kusa da wannan, to haka suke yi. Jimillar abin da aka cire maka a wuri biyun naira 523,200.

Hukumar tara haraji ta jihar Kano kuwa haɗe su za ta yi. Naira 5,400,000, a cire 360,000 na fansho da haya, saura 5,040,000, harajinsa naira 697,200. Giɓin naira 174,000 ne a shekara, kuma a wuyanka yake, ba a wuyan akawu ba. Dalilin kuwa a fili yake: albashin kamfani kaɗai ya riga ya cinye matakin kyauta da na kashi 15, saboda haka kowace naira ta kwaleji a matakin kashi 18 take sauka. Ba mu sa kuɗin asusun gidaje na ƙasa da inshorar lafiya a lissafin ba. Idan ana cire maka su, su ma ana rage su kafin a ɗora haraji, alƙaluman za su ɗan sauka.

Daga nan za ka gane iyakar abin da fansho zai yi maka. Duk naira 10,000 da ka zuba, harajinka na raguwa da naira 1,800. Ba fiye da haka ba. Da za ka ce sai zubin ganin dama ya rage harajinka da 174,000 ɗin nan gaba ɗaya, sai ka ɗaure kusan naira 967,000 a shekara, sama da 80,000 kowane wata. Mai iyali da ke gidan haya bai kamata ya yi wannan don gudun haraji kawai ba.

Inda riba take ita ce kwalejin. Doka ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, mai ba da aiki ya zuba aƙalla kashi 10, a kan albashin da bai gaza jimillar ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri ba. Naira 20,000 da kamfani ke cire maka sun nuna a kan 250,000 suke lissafi, kuma su ma suna ƙara 25,000 daga aljihunsu. In kwalejin ta bi doka a kan naira 150,000, za a cire maka 12,000 a wata, ita ta ƙara 15,000. A shekara kai ka zuba 144,000, haraji ya mayar maka da 25,920 daga ciki, abin da ya fita daga hannunka a zahiri 118,080 ne. Abin da ya shiga asusunka kuwa 324,000. Babu wani zubin ganin dama da zai ba ka irin wannan. Ban da haka, doka ta ɗora wa mai ba da aiki yi wa ma'aikatansa inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara, wadda iyali ke karɓa idan ta Allah ta kasance.

Kafin ka ɗaga maganar, ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta. Idan ta kira ka ma'aikaci, da albashin wata da lokutan aiki da aka yanka maka, kuma harajin albashi ake cire maka, hujjarka na da ƙarfi. Nassin dokar ya ambaci wuraren da ke da ma'aikata 15 zuwa sama, PenCom kuma a aikace tana bibiyar har masu ma'aikata 3, kuma da wuya a samu kwalejin da ba ta kai 15 ba. Ka rubuta musu takarda cikin ladabi, ka sa sunan kamfanin fanshonka da PIN, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ka lura da dabarar da wasu ke yi: su ce sun yarda, amma su rage albashin zuwa wajen naira 136,000 don kason nasu ya fito daga cikin 150,000 ɗin. In aka yi haka, da kuɗinka aka biya kasonsu, ribar da muka lissafa ta tafi. Idan suka ƙi gaba ɗaya, PenCom na da ofishin shiyyar Arewa maso Yamma a nan Kano kuma tana karɓar ƙorafi. Sai dai ka auna, domin aikin yamma ne, kuma kai ka san yadda kuke da masu makarantar. Ya fi kyau ku malaman ku je tare da a ce kai kaɗai ne mai ƙorafi.

Idan kuma takardar ta nuna aikin kwangila ne, ana biyanka bisa darussan da ka koyar, to babu fanshon dole a kansu. A irin wannan yanayi abin da ake cirewa yawanci kashi 5 cikin 100 ne na harajin riƙo, wato naira 90,000 a shekara a kan kuɗinka. Wannan kafin alƙalami ne, ba cikakken haraji ba. Ka riƙa karɓar shaidar cewa sun kai shi hukuma da sunanka, don a rage maka shi ranar lissafi. Giɓin a nan ya fi faɗi, har 234,000, kafin a cire maka kuɗin da ka kashe kai tsaye wajen yin aikin.

Sai dabarar abokinka. Ba sabuwa ba ce, kuma an daɗe da toshe ta. Kafin 2017 wasu masu manyan albashi kan tura kaso mai tsoka cikin fansho na ganin dama, harajinsu ya faɗi, bayan ɗan lokaci su cire kuɗin. A 2017 hukumar haraji ta jihar Legas da hukumar haɗin gwiwar masu tara haraji ta ƙasa suka fitar da sanarwa a kan haka, PenCom kuma ta tsaurara ƙa'ida. Tun daga lokacin ake raba zubin ganin dama gida biyu. Rabi a ɗaure yake har ka yi ritaya. Ɗaya rabin ne kake iya cirewa bayan wani wa'adi. Wa'adin ya fara da shekara 2, daga baya aka sassauta shi, saboda haka ka sa kamfanin fanshonka ya ba ka wanda ke aiki yau a rubuce kafin ka sa hannu a komai. Dokar kanta kuma ta ce idan ka cire kafin shekara 5, ribar da kuɗin suka haifa za a ɗora mata haraji. Shekara 5 ɗin daga ranar kowane zubi ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka fara ba. Zubin Yunin 2026 zai 'yantu a 2031, na 2028 sai 2033. Wanda ya shiga da niyyar kwashewa bana ko baɗi, rabin kuɗinsa ba zai gani ba sai ya haura shekara 50.

Kai shekararka 38. Ba a ba ka damar taɓa kuɗin asusun sai ka yi ritaya ko ka cika 50, duk wanda ya zo daga baya. Aƙalla shekara 12 ke nan. Rangwamen kashi 18 sau ɗaya ake samunsa, a shekarar da ka zuba, yayin da tsadar kaya kullum take ci, kuma a Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Wannan ba ya nufin zubin ba shi da amfani. Ribar da asusun ke samu babu haraji a kanta, abin da za a biya ka bayan ritaya ma babu, kuma kuɗin da ba ka iya taɓawa ba ya tafiya a biki da suna. Abin nufi, kuɗin da ka tabbata ba za ka nema ba su ne na wannan wuri.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da masu aiki biyu. Doka ta yarda wanda ya rasa aiki kafin shekara 50, ya kuma yi wata 4 bai samu wani ba, ya ciri har kashi 25 cikin 100 na asusunsa. Idan kamfani ya sallame ka alhali zubin kwaleji na ci gaba da shiga, a takarda kai mai aiki ne. Ka rasa kashi biyu cikin uku na abin da kake samu, amma wannan ƙofa ba ta buɗe maka ba. Don haka kai ka fi mai aiki ɗaya buƙatar ajiya a hannu.

Ga yadda muke ganin ya dace ka jera su. Da zarar kwalejin ta fara cire fansho, harajin da take cirewa zai koma 10,700 a wata, giɓin shekara ya zama naira 169,680. Ka ware 14,200 duk wata a wani asusu daban, kada ka lissafa su cikin kuɗin cefane. Bayan haka ka tara abin da zai riƙe gidan na wata 3 ko fiye. In akwai bashi mai ruwa a kanka, shi ne gaba da fansho, domin ruwan bashin ya fi rangwamen kashi 18 da ake samu sau ɗaya. Sai waɗannan sun daidaita sannan ka fara zubin ganin dama, kuma a ganinmu tsakanin naira 20,000 da 30,000 a wata ya isa ga mai samu irin naka. A kan 30,000, ka zuba 360,000 a shekara, haraji ya ragu da 64,800, abin da ya fita daga aljihunka 295,200 ne. Asusunka kuma zai riƙa karɓar naira 102,000 duk wata: 45,000 daga kamfani, 27,000 daga kwaleji, 30,000 na ganin dama. A halin yanzu 45,000 kawai yake karɓa.

Ta kamfani za ka bi da zubin, ba ta kwaleji ba. A ƙarshen shekara duk ɗaya ne, tunda haɗewa za a yi, amma wata-wata akwai bambanci. A kamfani naira 240,000 na saman albashinka suna matakin kashi 18, don haka harajin da suke cirewa zai sauka da 61,200 a shekara, 5,100 a wata. Ta kwaleji 54,000 kawai za ka gani. Ragowar, 3,600 a lissafin kamfani, za ta fito ne ta hanyar rage giɓin zuwa 166,080. Sannan ƙa'idar PenCom ta 2018 ta ƙayyade zubin ganin dama kada ya wuce sulusin albashin wata, wato 100,000 a kamfani, 50,000 a kwaleji. Uwa uba, kamfanin ya riga ya saba tura kuɗin fansho, kwalejin kuwa yanzu za ta koya. Ka rubuta wa sashen albashi takarda ka faɗi adadi da watan farawa.

A nan ne abubuwa suka fi lalacewa. Mai ba da aiki ba kamfanin fansho yake ba kuɗin kai tsaye ba, asusun mai ajiyar kuɗin fansho yake turawa, wato wani kamfani daban da ke riƙe kuɗin, tare da jadawalin da ke nuna sunan kowa, PIN, watan da aka biya, da kason ma'aikaci, na mai aiki, da na ganin dama, kowanne a layinsa. Lamba ɗaya ta kuskure a PIN, sai kuɗin su maƙale ba su shiga asusun kowa ba. Idan akawu ya cusa 30,000 ɗinka cikin layin kason dole, an ɗaure su duka har ritaya, rabin da kake iya cirewa ya ɓace har sai an gyara. Wasu kuma su cire su riƙe. Doka ta ba su kwana 7 na aiki daga ranar biyan albashi, bayan nan akwai tarar aƙalla kashi 2 cikin 100 na abin da ba a tura ba a kowane wata, kuma asusunka ne ke bin wannan tara bashi. Watanni ukun farko ka riƙa buɗe bayanin asusunka kana dubawa: sunan kamfani, sunan kwaleji, da zubin ganin dama a warensa. Takardar albashi tana nuna an cire ne kawai. Bayanin asusu ne ke nuna an kai, kuma shi za ka ajiye a gaban jami'in haraji idan ya nemi hujjar rangwamen.

Idan damuwarka kuɗin ruwa ne, ana juya kuɗin fansho ne rukuni-rukuni, kuma akwai rukuni na shida, Fund VI, da ba ya zuba jari a harkar ruwa, sai sukuk (takardun zuba jari marasa ruwa) da hannayen jarin da suka dace da shari'a. Ba a kai mutum can sai ya nema. In ba ka ce komai ba, a shekarunka rukuni na biyu ake ajiye ka.

Wata 'yar tunatarwa ga ma'aikatan gwamnati da za su so ɗaukar wannan lissafi: ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki na 1999 ta hana karɓar albashin ofishin gwamnati biyu a lokaci guda, ta kuma hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da harka mai zaman kanta in ban da noma. Kai Malam wannan bai shafe ka ba, amma ka duba ko yarjejeniyarka da kamfani ta ce sai ka nemi izini kafin yin wani aiki. Ba dole ba ne gyaran harajin ya bi ta hannunsu. Kana iya biyan giɓin da kanka.

Hanyar ita ce fom ɗin bayyana kuɗin shiga na shekara. Masu ba da aiki suna miƙa nasu zuwa 31 ga Janairu, kowanne da sunanka da abin da ya biya ka, saboda haka hukumar na da takardun biyu a hannunta ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Naka wa'adin 31 ga Maris ne, na kuɗin 2026 ke nan zuwa 31 ga Maris na 2027, kuma ga hukumar jihar da kake zaune, wato Kano, ko da ɗaya wurin aikin a wata jiha yake. Ƙin miƙawa na da tarar naira 100,000 a watan farko da 50,000 kowane wata bayansa. Ka tanadi takardun albashi na wata 12 daga wuri biyun, bayanin asusun fansho na shekarar, yarjejeniyar haya da rasit. Rangwamen haya wuri ɗaya ake nemansa. Tunda ka kai wa kamfani rasit, kada ka sake kai wa kwalejin. Ka kuma tabbata lambar haraji ɗaya duka biyun ke amfani da ita, wadda ta dace da NIN ɗinka, in ba haka ba harajin da kwalejin ta biya ba zai bayyana a ƙarƙashin sunanka ba, a nemi ka sake biya. Idan tun kafin 2026 kake aikin biyu, shekarun baya da tsohuwar doka za a lissafa su, matakansu da rangwamensu daban ne, don haka kada ka ɗora musu alƙaluman da ke sama.